'Yar'uwar Aya A Kan Duwatsun Amurka

Mai karatu, in damina ta yi ka sami kanka a bakin gonar aya, ka tsuguna ka tsinko karan nan da ke ɗauke da furenta, ka murza shi tsakanin yatsunka biyu. Za ka ji ba ya mirginawa yadda karan gamba ko na tofa ke yi. Kusurwa uku gare shi. Mu dai duk abin da ya tsiro ƙasa-ƙasa da siraran ganye mu kan ce masa ciyawa, mu wuce. Amma masanan tsire-tsire sun raba su dangi-dangi, sun ce aya ba 'yar ɗakin su gamba da gero da dawa ba ce, danginta dabam ne. Dangin nan kuwa babba ne, gama an ƙidaya iri fiye da 5,000 a cikinsa. Akwai ayaya wadda ke hana manoman fadama sakat, akwai kajijin da mata ke sawa cikin turaren wuta, akwai kuma doguwar ciyawar nan ta bakin Kogin Nilu da Tafkin Cadi wadda Turawa ke kira papirus. Da ita Masarawan dā suka yi takarda, da ita kuma uwar Musa ta saƙa masa kwandon nan.

A wannan wata za mu yi doguwar tafiya, mu ziyarci wata 'yar dangin nan a hayin teku. Ba a yin kunu da ita, ba a saƙa tabarma da ita. Duk da haka malaman jami'a sun hau duwatsu, sun bi ta ƙorama-ƙorama suna tsinkar ganyenta, domin su san abu guda: ko 'ya'yanta duk kamar tagwaye su ke a ciki, ko kuwa akwai bambanci a tsakaninsu. Wani zai ce wannan tambayar marasa aikin yi ce. A yi mini haƙuri tukuna.

INDA TA KE ZAUNE

A gabashin Amurka akwai jerin duwatsu da a ke kira Afalaciya. Sun miƙe daga Kanada a arewa har jihar Alabama a kudu, tafiyar fiye da mil 1,500. Ba su da tsayi ainun. Mafi tsayinsu, Dutsen Mitchell a jihar Karolina ta Arewa, ƙafa 6,684 ne, watau bai kai Cappal Waddi na jihar Taraba ba. Amma ruwa gare su. A wasu wurare a kudancinsu ruwan sama ya kan kai inci 80 a shekara, ya ninka na Kano biyu har da ɗoriya. Tsakanin duwatsun akwai kwaruruka masu zurfi, masu sanyi, inda manyan itatuwa suka haɗa kai, rana ba ta taɓa ƙasa sai kaɗan-kaɗan. Ƙasar baƙa ce, ruɓaɓɓen ganye ne na shekaru da yawa, kullum a jiƙe. A nan ciyawar tamu ta ke, a gangaren dutse kusa da ƙorama, sau da yawa a inuwar wani dogon itace mai suna hemlok da wani gajere mai kaurin ganye da a ke ce wa rododendiron. Mai karatu ya riƙe sunan hemlok, za mu komo gare shi.

A duniya duka babu inda ta ke tsirowa da kanta sai a jihohi 9 na Amurka, daga Fensilbaniya a arewa zuwa Jojiya a kudu. A tsakiya, wajen Karolina ta Arewa da Tenesi da Bajiniya ta Yamma, akwai ta da dama. A gefe-gefe kuwa sai ɗai-ɗai, har jihohin Fensilbaniya da Merilan suka sa ta cikin jerin tsire-tsiren da ke bakin ƙarewa a ƙasarsu. Ko inda ta ke da yawa ba ta shimfiɗuwa kamar ciyawar fili. Gungu-gungu ta ke zama, wannan kwari da nasa, sa'an nan sai an haye dutse an yi tafiya kafin a sake ganin wani.

Wanda ya san aya, in ya gan ta zai yi gardama ya ce ba su haɗa kaka ba. Faɗin ganyenta ya kan kai inci 2, tsawonsa ƙafa 2, kamar ɗamarar fata, kore shar, mai sheƙi. Ba shi da babbar jijiyar nan da ke ratsa tsakiyar ganyen masara da na aya, sai siraran jijiyoyi da yawa a jere. Bakin ganyen kuma yana da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe kamar tela ya yi masa ado. Hunturu ya zo, ƙanƙara ta sauko, ganyayen yawancin itatuwan dajin su zube, ita tana nan da korenta.

Furen ne ya fi ba da mamaki. 'Yan dangin aya kusan dukansu iska ce ke ɗaura musu aure, kamar yadda ta ke kwasar bununin gero daga wannan zangarniya zuwa waccan. Saboda haka ba su damu da kwalliya ba, furensu ruwan ƙasa ne ko kore-kore, ba mai kula da shi. Ita kuwa wannan, tsakanin watan Afrilu da Yuni, sai ta miƙo siririn kara, a kansa dunƙulen fure fari fat, na maza a sama kamar tuntun hula, na mata a ƙasa kamar 'yan fararen duwatsun wuya. A cikin duhun kurmi farin nan ya kan haska daga nesa. A 1984 wani masani mai suna W. W. Thomas ya buga rahoto cewa ƙwari ne ke ɗaukar bununinta daga fure zuwa fure. Abin ya yi ma'ana, gama a gindin kwari mai zurfi iska ba ta kaɗawa da ƙarfi, wadda ta zauna jiranta za ta daɗe a gidan ubanta.

MAI KANTI DA LAUYA

Sunanta ciyawar Fraser, a littattafan masana kuma Carex fraseriana. John Fraser mutumin Sikotilan ne, an haife shi a 1750. Da farko kantin tufafi gare shi a unguwar Chelsea ta birnin Landan, kusa da wani tsohon lambun magunguna. Son tsire-tsire ya kama shi har ya bar kanti. Ya ƙetare teku sau da yawa zuwa Amurka, yana ratsa duwatsu a ƙafa da bisa doki, yana tara iri da dashe ya kai Ingila ya sayar wa masu lambu. Har Sarkin Rasha ya taɓa ɗaukarsa aikin tara masa tsire-tsire. Ya rasu a 1811, a shekarar ce kuma aka buga sunan ciyawar da zanenta a Landan. Akwai wani itace na kan waɗannan duwatsu mai sunansa, wanda Amurkawa da yawa ke saye su yi masa ado a ɗaki lokacin Kirsimati.

A 1913 wani lauya na birnin Niyu Yok, Kenneth Mackenzie, wanda ya ba da lokacin hutunsa ga nazarin dangin aya, ya ce wannan ciyawa ta bambanta da sauran ƙwarai, ya kamata a ware mata gida nata. Ya raɗa wa gidan suna Cymophyllus, watau ganye mai kama da raƙuman ruwa. Haka ta zauna shekara ɗari, ita ce mai gida, ita ce 'yan gida. Sai a 2015 taron masana daga ƙasashe da dama, bayan an gwada abin gadon da ke cikin jikinta da na sauran, suka ce ashe 'yar babban gidan Carex ce, mai iri wajen 2,000. Kamanni ne suka ruɗi mutane. Aka mai da ta cikin 'yan'uwanta.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Mene ne wannan abin gado? Kowane mai rai, mutum ne ko akuya ko ciyawa, yana ɗauke da wani irin rubutu a cikin ƙananan ƙwayoyin jikinsa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Rubutun nan ya kasu gurbi-gurbi, dubbai. Wasu gurabe sun shafi tsawo, wasu launi, wasu jure ƙishi, wasu jure cuta. Bari mu kira abin da ke cikin kowane gurbi ƙwayar gado. Ƙwayar gurbi ɗaya tana iya zama kala biyu ko uku ko fiye a cikin jama'a guda. Manomi ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. Dawa duk dawa ce, amma akwai kaura akwai farfara, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri kuwa ba ɗaya su ke yi ba. Ko a gona guda ta gero wata zangarniya ta kan riga wata nuna.

Amfanin wannan bambanci sai ranar wuya a ke ganinsa. In sabuwar cuta ta shigo, ko damina ta sake hali, jama'ar da duk gadonsu ɗaya ne, abin da ya kā da guda zai kā da sauran. Inda akwai bambanci kuwa, ko kaɗan ne za su tsira su haifi na gaba.

To, ƙidaya ba ta nuna wannan. Manomin aya a ƙasar Maradi ba ƙwayar fure ya ke shukawa ba, ayar kanta ya ke binnewa. Abin da ya tsiro ba ɗiyar tsohuwar ba ce, ita ce dai ta sake fitowa, kamar rogon da a ke dasa karansa. Gona tana iya cika da tushe dubu goma, amma in an bi asali a tarar 'yan kakanni kaɗan ne aka yi ta maimaitawa. Ciyawar Fraser ma tana da gajeriyar saiwa mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, tana fid da sababbin kai daga jikinta. Ganye ashirin da ka ƙidaya a dunƙule ɗaya suna iya zama rai guda.

Akwai kuma asarar da ƙaramar jama'a ke yi ba tare da cuta ba, ba tare da fari ba. Wannan tana da wuyar bayyanawa da baki, amma ga wasan da iyali za su iya yi bayan tuwon dare. A zuba wake 100 a ƙwarya, 90 fari, 10 ja. Yaro ya rufe ido ya ɗebo guda 10. Waɗannan su ne suka haihu bana. A duba launinsu, a juye ƙwaryar, a sake cika ta da wake 100 bisa ga abin da ya fito: in ja ɗaya ne cikin goman, a sa ja 10, in biyu ne a sa 20, in babu kuwa, to, babu. Sa'an nan a sake ɗiba. Za ku ga wajen sau ɗaya cikin uku jan wake ya ɓace tun a ɗibar farko, in ma ya tsira sau da yawa ba ya daɗewa. Yanzu ku sake wasan, amma a riƙa ɗibar 50, ana ninka abin da ya fito sau biyu. Jan zai yi ta hawa da sauka, amma da wuya ya ɓace da sauri. Jan wake bai yi laifin kome ba, bai fi farin rauni ba. Ƙanƙantar ɗiba ce ta cinye shi. In ya ɓace kuwa ba ya komowa, sai in an aro daga ƙwaryar maƙwabci.

Na uku, makiyayi ya san shi. Garken da bijimi ɗaya ke hawan 'ya'yansa da jikokinsa ya kan lalace, 'yan maruƙa su yi ta zuwa da rauni. Shi ya sa a ke nemo bijimi daga wani garke.

Duk wanda ya haɗa waɗannan abu uku zai ji wa ciyawar Fraser tsoro. Ga ta gungu-gungu, duwatsu sun raba su, ɗan aikenta kuwa ƙaramin ƙwaro ne. Hankali zai ce kowane gungu ya tsiyace, kowanne kuma ya kama hanyarsa dabam.

ABIN DA GANYEN YA FAƊA

Mary Jo Godt da James Hamrick na Jami'ar Jojiya, tare da Albert Meier, su ne suka gwada maganar. Sun buga abin da suka samu a 2004, a wata mujallar masana mai suna Genetica. Sun ɗebo ganye daga gungu 12 a kudanci da tsakiyar ƙasar da ciyawar ta ke, suka duba gurbi 19.

A lokacin karanta rubutun gado kai tsaye yana da tsada, saboda haka suka bi wata hanya da masana suka saba da ita tun 1966. A kan niƙa ɗan ganye, a tace ruwansa, a sa shi a gefen wani faifai na sitaci da aka dafa ya daskare kamar agidi. Sa'an nan a sa wutar lantarki ta ratsa faifan awa da yawa. Sinadaran da ke cikin ruwan ganyen su kan yi tafiya a cikin sitacin, wani da sauri, wani a hankali, gwargwadon ƙwayar gadon da ta ƙera shi. In an zuba rini sai layuka su bayyana kamar matakan tsani. Tsire biyu da layukansu suka tsaya wuri ɗaya, ƙwayarsu ɗaya ce a wannan gurbi. In wuri dabam-dabam suka tsaya, ƙwayoyin sun bambanta. Aiki ne na haƙuri, ganye bayan ganye.

Cikin gurabe 19, guda 16 sun nuna bambanci. Wannan in an haɗa gungu 12 duka ke nan. In kuwa gungu ɗaya aka duba shi kaɗai, wajen kashi 46 cikin 100 na guraben ne ke da bambanci, watau kusan rabi. In ka ɗauko ƙwayoyin gado biyu na gurbi ɗaya daga gungu ɗaya, ido rufe kamar a wasan wake, wajen sau 11 cikin 100 za su fito dabam. A gungun da ya fi talauci sau 7 ko 8 ne, a wanda ya fi arziki wajen sau 16. Ka ga wani gungu ya ninka wani, alhali kuwa mai wucewa a bakin ƙorama ba zai ga kome ba sai koren ganye iri ɗaya. Da suka gwada da sauran tsire-tsire masu ƙaramar ƙasa irin tata, sai suka ga arzikin dangin duka daidai ya ke da na tsaranta, na cikin gungu-gungu ne ya ɗan gaza.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda arzikin ya rabu. In an kasa dukan bambancin kashi 100, wajen kashi 87 yana cikin kowane gungu, tsakanin tsire da maƙwabcinsa. Kashi 13 ne kaɗai ke raba wannan gungu da wancan. Watau duwatsun ba su mai da su baƙin juna ba. Tun a 1931 wani masani mai suna Sewall Wright ya lissafta cewa in baƙo ɗaya tak ya kan shigo ya haihu a cikin jama'a a kowane zamani, daga iyaye zuwa 'ya'ya, ya isa ya hana su rabuwa sarai da 'yan'uwansu na nesa. Wake ɗaya daga ƙwaryar maƙwabci ke nan. Lissafin da aka yi wa ciyawar Fraser ya ba da 1.69, watau tsakanin baƙo ɗaya da biyu.

LABARIN JIYA NE

A nan ne ya kamata mu yi hankali, kada mu ce ashe lafiya lau, mu rufe littafi. Masu binciken da kansu sun ce lissafin baƙin nan na zamanin da ya wuce ne. Ku tuna da garuruwan da ke kan tsohuwar hanyar fatake. Har yau in ka je za ka tarar da zanen fuska iri ɗaya da sunayen kakanni iri ɗaya a garuruwa masu nisa da juna, domin a dā ana kai da kawowa ana auratayya. Hanyar ta mutu tun da aka yi kwalta a wani waje, amma zanen yana nan a fuskar tsofaffi. Wanda ya dubi fuska kawai zai ce har gobe ana tafiya. Ciyawar Fraser ba ta shekara ɗaya ba ce, dunƙule guda yana sabunta kansa shekara bayan shekara, rubutun gado kuwa sai an haihu an sake haihuwa ya ke sakewa. Abin da sitacin ya nuna hoton tsohon daji ne.

Ban da wannan, gurbi 19 cikin dubbai ɗanɗanon miya ne a bakin ludayi. Ya isa a san ko akwai gishiri, amma waɗannan gurabe ba su ne ke faɗin wace za ta jure zafin rana ko bushewar ƙasa ba.

Tsohon dajin nan kuwa ya daɗe ƙwarai. Masana ƙasa sun lissafta cewa wajen shekara 20,000 da suka wuce tudun ƙanƙara ya rufe Kanada da arewacin Amurka, amma bai kai kudancin Afalaciya ba, tsire-tsire da yawa suka sami mafaka a yankin. Abin da ƙanƙara ba ta yi ba, gatari da zarto suka yi cikin shekara hamsin. Daga wajen 1880 zuwa 1930 kamfanonin katako suka shimfiɗa dogo har cikin kwaruruka, suka sare yawancin manyan itatuwan. Gobara ta bi baya, ruwa ya kwashe ƙasa. A 1911 aka yi dokar da ta ba gwamnatin tarayya ikon sayen irin waɗannan wurare ta mai da su gandun daji, a 1934 kuma aka kafa babban gandun Duwatsu Masu Hayaƙi a kan iyakar Tenesi da Karolina ta Arewa. Daji ya sake tashi. Amma itace ya fi saurin komowa bisa ƙananan tsire-tsiren da ke zama a gindinsa, ciyawar Fraser kuwa ta tsohon kurmi ce.

Dajin ya riga ya ga abin da rashin ƙwayar da ta dace ke yi. Akwai wani babban itace mai suna cesnat, mai 'ya'ya masu daɗi da katako mai kyau, wanda a wasu wurare na duwatsun shi ne ɗaya cikin kowane itace huɗu. A 1904 aka ga wata cuta a jikinsa a gidan ajiye namun daji na Niyu Yok. Da dashen da aka kawo daga Asiya ta shigo. Cesnat na Sin da na Japan sun san cutar tun kaka da kakanni, suna jure ta. Na Amurka bai taɓa gamuwa da ita ba. Kafin 1950 ta kashe itace miliyan dubu 3 ko fiye. Har yau tsofaffin kututture na fid da toho, tohon ya yi 'yan shekaru, cutar ta sake kama shi. Tun 1983 wata ƙungiya ke ta haɗa na Amurka da na Sin aure don a aro ƙwayar juriya.

Yanzu bari mu komo ga hemlok. Shi ba ya zubar da ganye da hunturu, inuwarsa mai kauri ce, ita ke sanyaya bakin ƙorama. Wani ɗan ƙwaro daga Japan, wanda bai fi ƙwayar barkonon da aka daka ba, mai lulluɓe kansa da farin abu kamar auduga, an fara ganinsa a gabashin Amurka a 1951 kusa da birnin Richmond na jihar Bajiniya. Yana manne wa gindin ganye yana tsotse abincin itacen har ya bushe, cikin shekara huɗu zuwa goma. A 2002 aka gan shi a gandun Duwatsu Masu Hayaƙi, watau shekara biyu kafin a buga binciken da muka karanta. Tun daga lokacin manyan hemlok masu ɗaruruwan shekaru suka yi ta mutuwa, suna tsaye furfura-furfura a kan gangare. Ma'aikatan gandu suna zuba magani a gindin waɗanda za su iya kaiwa, suna kuma sakin wasu 'yan buzuzu masu cin ƙwaron, amma daji ya fi ƙarfin tulun magani. Inda hemlok ya faɗi rana ta kan sauko ƙasa. A wasu wurare rododendiron ya kan yi sauri ya rufe gurbin da tasa inuwa, a wasu kuma ƙananan itatuwa ne ke cunkushewa. Ko ta yaya, ɗakin da ciyawar Fraser ta saba da shi an sake masa rufi.

Wani abu ya faru a jihar Niyu Jazi da ya dace da maganarmu. A tsakiyar dajin da ƙwaron ya gama da shi an tarar da 'yan hemlok suna tsaye kore shar. Masana suka yanko rassansu suka dasa, suka gwada su da ƙwaron, suka ga sun fi sauran jurewa. Kafin ƙwaron ya zo ba wanda zai iya nuna su da yatsa a cikin dubbai.

YADDA A KE TARA IRI

Ga mai tsaron daji, lissafin kashi 87 da 13 yana da amfani a aikace. Gungu guda, ko na bakin iyaka ne a Fensilbaniya ko Jojiya, yana riƙe da babban rabo na gadon dangi, saboda haka ba abin rainawa ba ne in za a fasa hanya ko a sare gangaren da ke bisansa. Amma gungu ɗaya bai isa ba, gama kashi 13 ɗin nan a warwatse su ke, ga kuma wani gungu ya ninka wani. Dajin da ke tsakanin kwari da kwari shi ma abin tsaro ne, ko da ba a ga ciyawar a cikinsa ba, domin ta nan baƙon nan guda zai bi.

Lambunan masana a Amurka suna da wata ƙungiya ta ceton tsire-tsire, wadda aka kafa a 1984, ta kuwa tsara yadda za a tara irin duk tsiren da ya yi ƙaranci. Ba a zuwa gindin wadda ta fi kyau a zazzage ta a cika jaka. A kan bi gungun daga wannan gefe zuwa wancan, a ɗibi kaɗan-kaɗan daga uwa wajen 50 in akwai su, manya da ƙanana, masu kyau da marasa kyan gani, ana barin tazara don kada a ɗebo rai guda sau biyu. Ba a ɗaukar fiye da kashi 10 cikin 100 na irin da gungun ya yi a shekarar, sauran na ƙasa ne. Irin kowace uwa da ambulan ɗinsa, a rubuta wurin da ranar a bayansa. In an kai gida a ƙidaya, a busar da shi a hankali, a rufe shi yadda iska ba za ta shiga ba, a sa a ɗakin sanyi wanda ya fi ƙanƙara sanyi. Bayan 'yan shekaru a kan fid da 'yan ƙwayoyi a shuka a faranti, a ƙidaya nawa suka tsiro.